Hannun Hagun Inna

Ƙwas. Sai shiru mai tsawo. Can sai a sake jin ƙwas. Ƙarar ƙwayar wake ce idan ta faɗa cikin kwanon sha, kuma ita na fi tunawa daga bazarar da Inna ta yi jinya. Tsakanin ƙwaya ɗaya da mai bi mata, kaza takan gama zagaye tsakar gida, mai jaki ya wuce ta bayan danga da mangalar taki, ni kuwa na tashi na zauna ya fi sau uku.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta sami Inna wata safiya tana tankaɗe. Rariyar ta suɓuce, garin ya watse a tabarma, ita kuma ta kishingiɗa a hankali kamar mai jin barci. A asibitin birni aka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafin a sallame mu ƙafar ta fara dawowa, tana iya takawa idan an riƙe ta. Hannun hagu ne ya biyo mu gida a naɗe a ƙirjinta, yatsun a lanƙwashe, kamar ta damƙe wani abu ba ta son a gani. Yakan ɗan motsa idan ta matsa masa. Ba ta matsa masa.

Garinmu yana arewa da Ungogo, inda gona ke jingine da gona, ba ka gane iyakar ta wani sai ka ga layin lalle ko na gamba. Gida yana hango gida. Don haka 'yan dubiya ba su yanke ba, kuma kowace ta zo bakinta ɗaya da wadda ta riga ta.

"Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ai an gode Allah da ya zama na hagu ne. Da na dama ne fa?"

Inna takan ce, "Wallahi kuwa."

A wurinmu hannun hagu ba shi da daraja. Ba a ci da shi, ba a miƙa abu da shi, ba a karɓa da shi, yaron da ya fara sabawa da shi ana buge masa hannu har ya daina. Amma akwai aiki guda da ba mai yin sa sai shi, aikin da ba a ambata a zaman dubiya. Da shi ake tsarki.

Ni ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko ta ce wa wani, "Ku kira mini waccan." Ana yaye ni aka kai ni wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta ke ƙetaren gonar dawarmu, a can na girma. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin wadda ita ma Inna ta taras. Idan na zo hutu daga makaranta Inna takan aiko mini da kwaɗon zogale a rufe da faifai, ba a ce daga ita ba ne, ni ma ba na tambaya.

Ƙannena duk maza ne. Gwaggo kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ita kanta da sanda take tafiya. Ni na gama jami'a ina zaune ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Sai ya zama ni ce mai ɗaukar buta.

Nakan riƙe ta mu tafi bayan gida, hannunta na dama a kafaɗata don kada ta faɗi, in yi mata abin da ta yi mini ina jaririya. Ita takan juya fuska ga katanga. Ni nakan kafa ido a wata tsaga a saman ginin inda ƙadangare ke leƙowa. Idan muka fito sai ta daɗe ba ta dubi inda nake ba. Baba ya tambayo liman, aka ce lalura ce, ta yi da na daman ba laifi. To amma na daman shi ne ke riƙe da ita kada ta kife.

Da ni da ita duk mun san wata rana saƙo zai shigo wayata in tafi. Wa zai ɗauki butar? Ba wanda ya yi tambayar da baki. Tana nan dai a tsakar gida kamar turmi, kowa yana kewaye ta.

A mako na uku likitar gashin ƙashi ta fara zuwa. Ita ce ta duba Inna a sashen da ake motsa gaɓoɓin marasa lafiya kafin a sallame mu. Matashiya ce, ba ta girme ni sosai ba, tana karatun gaba da digiri a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Daga wajen Rijiyar Zaki take hawo adaidaita, ta sauka a bakin kwalta ta ƙaraso a ƙafa. Bayan gaisuwa ta buɗe jaka ta fito da wani abu kamar safar hannu mai kauri marar yatsu, ta zura hannun daman Inna a ciki ta ɗaure.

Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗar iri. Ta ajiye ƙwaryar.

"Ke 'yar nan, kin yi kuskure. Wancan ne marar lafiyar."

"Na sani, Gwaggo."

"Kin sani? Mutum yana da hannu ɗaya tak mai amfani, shi za ki cusa a buhu? Ke likita ce ko mai ɗaurin awaki?"

Likitar ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. "Gwaggo, hanyar da kike bi ta cikin gona ki zo gidan nan, in kika daina bin ta damina guda, me zai faru?"

"Ciyawa ta cinye ta mana."

"To haka yake tsakanin ƙwaƙwalwa da hannu. Ciwon ya ɓata babbar hanyar. Akwai ƙanana, amma sai an yi ta bi za su fito. Muddin na daman yana sake, shi zai riƙa yin komai, na hagun ya yi ta barci."

Ba ta ɓoye mana ba cewa abin har yanzu bincike ake yi a kansa. Ta ce wasu masu binciken suna ganin tsawon lokacin da aka yi ana aikin shi ne magani, wasu suna ganin yawan maimaitawa ne, kuma ita abin da take son sani shi ne yadda zai yiwu a gida irin namu, inda babu na'ura sai tabarma da ƙwarya. Ta nemi izinin Baba da na Inna ta riƙa rubuta abin da ta gani.

"Ban yi miki alkawarin komai ba, Inna. Amma hannun nan bai mutu ba. Duba, yatsun suna buɗewa kaɗan."

Ta zuba wake a faifai, ta ajiye kwanon sha a gefe. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke aikinki ya fi na kowa wuya. Ki zauna kusa da ita, ki ƙirga, kada ki taimaka."

Ban san zama aiki ba ne sai a kwanakin nan. Nakan ɗauko littafi in buɗe, in karanta layi ɗaya sau huɗu. Ina da wani ɗan littafin rubutu da nake zuba waƙoƙi a ciki tun ina makarantar kwana, a bazarar nan ban rubuta komai ba sai rabin layi, shi ma na soke. Hannun Inna yakan taso daga cinyarta yana rawa, ya wuce faifan, ya dawo, ya sauka a kan waken ya watsa shi. Gumi ya feso mata a saman leɓe. Yatsuna su riƙa ƙaiƙayi. Sai in tashi in duba randa, in dawo. In tashi in kori kaza, in dawo. In leƙa waya. In hau kan turmi in duba gabas ko akwai hadari.

Garin duka haka yake a lokacin. An share gonaki, an zube taki tsibi-tsibi, Baba ya gyara ƙotar sungumi sau biyu ba tare da ta lalace ba. Iska mai zafi ta taso da la'asar ta kwashe shanya, kowa ya fito yana kallon sama, sai ta lafa ba ɗigo.

Matsalar da likitar ba ta hango ba ita ce sallama. Da an ce "Salamu alaikum" daga zaure, Inna za ta miƙo mini hannu da sauri.

"Ke, cire."

Baƙuwa za ta miƙo goro ko ƙullin fura, ba za a karɓa da hagu ba. Kuma mai dubiya ba ta tashi sai wata ta shigo. Wata rana tun hantsi har la'asar safar tana ƙarƙashin matashi.

Ranar da abin ya lalace, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta shigo ba mu ji sallamarta ba. Ɗankwalin Inna ya zame ya faɗo mata a wuya, tana ta ƙoƙarin jawo shi da hagun, hannun yana kaiwa kunne yana faɗowa. Ni ina zaune a gabanta na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Tsohuwar ta dubi kan Inna a buɗe, ta dubi hannun da ke ɗaure, ta dube ni.

"Kina zaune kina kallo?"

Kafin magariba maganar ta kai bakin rijiya: an kai yarinya boko, ta dawo ta ɗaure uwarta kamar tunkiya. Gwaggo ce ta kawo mini ita da zafinta.

"Albarka ake nema a jinyar uwa, ba takardar shaida ba. Ni na raine ki, ni ake zagi."

Na cire safar na tura ta ƙarƙashin katifa.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ji daɗin makon da ya biyo baya. Na yi wa Inna komai. Na ɗaura mata zani, na yanke mata farce, na shafa wa hagun man kaɗanya na kwantar da shi a kan matashi kamar jariri. Na tsefe mata kai na yi mata kitso, karo na farko ke nan da yatsuna suka shiga gashinta. Na taras da furfura a bayan kunnenta wadda ban san da ita ba. Ina cikin kitson barci ya ɗauke ta, kanta a kan gwiwata, na ƙi motsi har ƙafata ta mutu. A raina na ji wani abu yana cewa kada ta yi saurin warkewa. Na yi istigfari, amma na ji shi.

Tafiya bayan gida kuwa ba ta canja ba. Fuskarta ga katanga, idona ga ƙadangare.

Da likitar ta dawo ta fito da akwatinta na gwaji, mai shamaki a tsakiya da ƙananan katakai. Inna za ta riƙa ɗaukar katako daga wannan gefe ta tsallakar da shi wancan, ita kuma tana duba agogo. Abin da ta tsallakar bai wuce na gwajin da aka yi mata ranar farko ba. Likitar ta dube ni, ni kuma na ɗaga katifa na fito da safar.

"Ba ke ce ta farko ba," ta ce. Ta matsa kusa da Inna ta zauna a tabarma. "Inna, me kike so hannun nan ya yi miki?"

"Duk abin da Allah ya yi daidai ne."

"Haka ne. Amma in an ce ki zaɓi aiki ɗaya?"

"Tuƙin tuwo mana," in ji Gwaggo. "Tuwon yarinyar nan da kunu ba su da maraba. Sai karatu."

Inna ba ta yi dariya ba. Idonta ya kai kan butar da ke bakin ƙofa, ya zo kaina, ya koma ƙasa. Abin bai fi ƙiftawar ido ba, amma likitar ta gani.

"Gwaggo, ku ɗan ba mu wuri."

Muka fita muka tsaya a inuwar rumbu. Gwaggo tana ta karya kara tana zubarwa, ni ina kai da kawowa tsakanin rumbu da turken awaki. Ba na jin komai daga ɗakin sai muryar likitar ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta wuce ni ta je wurin Gwaggo, ta sunkuya ta yi mata magana a kunne. Gwaggo ta ce, "Au." Ba ta ƙara ba, kuma a iya sanina wannan ce rana ta farko da magana ta ƙare mata.

Ni kuma likitar ta ce mini, "Mun bar wake. Laifina ne, aikin littafi na kawo mata. Ba wanda ke son ya warke don ya tsinci wake."

Sabon aikin ba shi da kyan gani. Ana soke ƙyalle a ƙugun zaninta ta baya, ta kai hagun ta zaro shi. Ana ba ta soso ta matse, ta saki, ta goga a bayan cinya. Ta zauna a kujera ta tashi, ta zauna ta tashi. Likitar ta ce wa Baba a dasa azara biyu a bayan gida don dafawa, a samo kujera a huda tsakiyarta, ta yadda na daman zai huta da riƙo ya koma kan buta. Baba bai tambayi dalili ba. Ya ɗauki gatari ya fita.

Lokacin ma aka canja shi, daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, kafin mata su gama aikin gida su fara yawon dubiya. Mai sammakon zuwa kuwa takan taras da Gwaggo a bakin zaure da sandarta.

"Ana barci. Ki dawo da la'asar."

Na ce, "Gwaggo, ƙarya fa."

"Hannun ke barci ana tashin sa. Ina ƙaryar? Ke dai je ki ƙirga."

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis, aka yi shuka washegari. Gero ya fara tsiro kamar allurai lokacin da saƙon ya shigo wayata. An tura ni wata jiha mai nisa a kudu, kuma saura mako uku.

A lokacin hagun yana kaiwa kwiɓi ne kawai. Ƙyallen yana can baya, tazarar yatsu huɗu, kamar ƙetaren kogi. Inna da a da sai an lallashe ta, yanzu ita ke tashina.

"Ke, kawo abin."

Ta riƙa ƙarawa a kan abin da aka ce ta yi har kafaɗar ta fara ciwo, likitar ta ce a sassauta kwana biyu. Kwana biyun nan Inna ba ta yi wa kowa magana ba. Ni kuwa na haɗa jaka na kwance, na sake haɗawa. In na zauna sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fita sai in ji kamar ta faɗi a ɗaki. Na yi ta lissafin wa za a ɗauko: matar kawu tana da goyo, 'yar maƙwabta Inna ba za ta yarda ba. Daga ƙarshe na sami Baba yana wanke ƙafa ya dawo daga gona, na ce zan ɗaga tafiyar zuwa wata shekara.

"Ki tambayi uwarki."

Ban kai ga tambaya ba. Ta ji daga ɗaki, ta yi maganar kamar da bango take yi.

"Wanda ya fasa tafiya saboda ni bai kyauta mini ba."

Saura kwana tara ta taɓa ƙyallen da ɗan yatsa. Saura shida ta zaro shi, ya faɗi ƙasa, muka tsaya muna kallonsa ni da ita. Na so in yi magana, sai na ga ta riga ta juya baya tana jiran in sake soke shi.

Saura kwana huɗu, da hantsi, ta yunƙura kamar kullum. Na cika buta na zo na ba ta kafaɗa.

"Ajiye."

Na ajiye. Ta sunkuya ta ɗauka da dama, ta bi jikin katanga tana jan ƙafa, ruwa yana ɗiga daga bakin butar a kan ƙasar da ta sha ruwan sama. Ta shiga bayan gida. Na tsaya a bakin danga ba na gaba ba na baya. Ina jin Baba da ƙannena can a gona suna noman farko, ina jin ƙarar fartanya, amma kunnena yana wuri ɗaya. Na tsinke ganyen lalle na murtsuke har yatsuna suka yi kore. Sau biyu na ɗaga ƙafa zan shiga. Gwaggo daga inda take zaune ta miƙo sanda ta tare ni.

Ta daɗe. Da ta fito zanin ya karkace, gefe ɗaya ya jiƙe sharkaf, numfashinta yana fita da ƙarfi. Ba ta dube ni ba. Ta ajiye butar a gindin randa ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ki ce wa 'yar taki ta je ta haɗa kayanta. Ta daina tsaya wa mutane a ka."

Na shiga ɗaki na zauna a kan jakar. Ban san kuka nake ba sai da na ga ɗigo a bayan hannuna, kuma ko yau ba zan iya rabe murnar da ke cikinsa da rashin ba.

Hannun bai dawo duka ba. Inna ba ta sake tuƙa tuwon gida ba, kuma idan ta gaji yatsun sukan koma su lanƙwashe. Likitar ta ci gaba da zuwa bayan tafiyata, tana gwadawa tana rubutawa, har ta gama karatunta. Mata suka ci gaba da cewa an gode Allah da ya zama na hagu ne.

Shekaru bayan haka, na zo gida da 'yata ta fari a goye, muna zaune da Gwaggo ana zafi irin na waccan bazarar. Na ɗebo ruwa a moɗa na shanye na ƙara. Gwaggo ta bi ni da kallo, sannan ta gaya mini. Tun daga ranar da aka sallamo Inna har ranar da ta shiga bayan gida ita kaɗai, kurɓa uku take yi da safe don haɗiye magani, uku da yamma. Sauran ruwan da nake kai mata, da na juya baya take tuttule shi a kaskon kaji, don kada ta riƙa sa ni ɗaukar buta fiye da sau biyu a rana.